Gasasshiyar Fiyar Turawa: Ɗan Abin Zaƙi Mai Ɗumi Bayan Abinci

   

Yau za mu ɗan ajiye muciya da maburgi, mu leƙa ɓangaren kayan zaƙi, wato ɗan abin nan da ake kawowa bayan an gama cin abinci. Abin da za mu yi shi ne gasa fiya, a ci ta da ɗuminta. Na san da jin haka wata har ta yamutsa fuska tana cewa, "Fiya kuma a wuta?" To ki dakata, uwargida, kada ki kashe rediyonki tukuna, domin akwai fiya akwai fiya. A Nijeriya 'ya'yan itace har iri uku ne ake kira da wannan suna, kuma idan kika ɗauko wadda ba ita ba, kin yi asarar kuɗinki da gawayinki.

Ta farko ita ce wadda muka saba da ita, mai ƙwallo ɗaya babba a tsakiya, mai maiƙo kamar man shanu, wadda ake shafa wa burodi ko a yanka a kan shinkafa. Asalinta daga Mekziko ne da yankin tsakiyar Amurka, amma ta daɗe da zama 'yar gida, ana nomanta a Filato da tsaunin Mambila da kudancin ƙasar nan. Ita wannan ba ta shiri da wuta. In ta daɗe a kan zafi ɗaci take yi, kuma duk zumar da kika zuba ba za ta rufe ɗacin ba. Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar nan mai duhun bawo wadda 'yan ƙabilar Ibo ke kira ube, ana gasa ta a gefen garwashi a ci da gasasshiyar masara da damina. Ita kam tana son wuta, sai dai maiƙo ne da ita da ɗan tsami-tsami, ba ta shiga sahun kayan zaƙi.

Ta ukun ita ce tamu ta yau, wadda za mu riƙa kira fiyar Turawa. 'Yar'uwar tuffa ce, danginsu ɗaya. Siffarta kamar ɗan ƙaramin gora, wuya siriri inda ɗan tsinkenta yake, gindi mai faɗi. In kin yanka ta cikinta fari ne, ga ruwa, ga 'ya'ya ƙanana a tsakiya irin na tuffa, kuma in kina taunawa za ki ji ɗan tsaki-tsaki a harshe. 'Yan'uwanmu na Nijar su ba su da wannan ruɗani, domin a can mai maiƙon sunanta aboka, wannan kuwa fuwar, kamar yadda Faransawa ke kiransu.

Itaciyarta tana bukatar sanyi mai tsanani na tsawon makonni kafin ta yi fure yadda ya kamata, shi ya sa ba ta jin daɗin ƙasarmu mai zafi. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomanta, ita kaɗai tana fitar da fiye da rabin wadda ake nomawa a duniya. Ana kuma nomanta sosai a Italiya da Ajantina da Amurka da Afirka ta Kudu. Da yawa daga cikin wadda muke gani a gaban masu tuffa, ko a manyan kasuwannin kayan marmari irin su 'Yan Lemo a Kano, daga Afirka ta Kudu take zuwa, daga lardin Kef ta Yamma, inda ake girbinta tun daga Janairu har zuwa wajen Afrilu. Ki duba jikin katan ɗin, ko ɗan tambarin da aka liƙa mata, za ki ga sunan ƙasar. Abin da ya ƙetaro teku kuwa, kin san ba zai yi araha ba.

To, ga inda matsalar take. Sau da yawa ba a sayen wannan fiya sai za a je dubiya, ko za a kai wa tsohuwa tsaraba, ko an yi babban baƙo. A ƙirga kuɗi masu ciwo a saya, a wanke, a yanka, sai a tarar da ita tauri kamar ɗanyen dankali, ba zaƙi ba ƙamshi. Marar lafiya ya gatsa sau ɗaya ya ajiye. Tsohuwa kuwa ko gwadawa ba za ta yi ba, ina haƙoran? Wata kuma ta ce bari ta ajiye har ta nuna, ta zuba ido tana jiran bawon ya yi laushi kamar na mangwaro. Ranar da ta ga ya yi laushin ta sa wuƙa, sai ta iske cikin ya zama ruwan ƙasa, ya lalace tun daga tsakiya. Daga nan sai a ce mai kayan marmari ya yi ha'inci, ko a ce ai fiyar Turawa ba ta da wani daɗi, sai tsada.

Yawanci ba laifin mai sayarwa ba ne. Halinta ne haka. Ita wannan fiya ba a barinta ta nuna a kan itace, domin idan aka bar ta cikinta yakan yi laushi ya ruɓe, namanta ya cika da tsaki. Saboda haka manoma suna tsinke ta ne ta ƙosa amma ba ta nuna ba, su sa ta a ɗakin sanyi mai kusan digiri 0, a haka ake ɗauko ta cikin jirgin ruwa har ta iso mana. Sai ta fito ta ji ɗumi sannan take fara nuna. Abu na biyu, daga ciki take fara nuna ta biyo waje. Ke nan in kin jira har gindinta ya yi laushi, tsakiyarta ta riga ta wuce wuri.

Yaya za ki gane ta nuna? Wuyanta za ki duba. Ki sa babban yatsanki a kusa da ɗan tsinken nan, ki danna a hankali. In ya ɗan lotsa, ta nuna, ki ci yau. In yana nan daram, da saura. Ki ajiye ta a ɗaki inda rana ba ta bugu, kina dubawa kullum, domin a zafin ƙasarmu ba ta ɗaukar kwanaki da yawa. In kina gaggawa, ki haɗa ta da ayaba nunanniya guda ɗaya a cikin jakar takarda ki naɗe bakin. Ayaba tana fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke sa 'ya'yan itace nuna da wuri. Kada ki ƙulle ta a leda, gumi za ta yi ta lalace. Da zarar ta nuna, in ba za a ci nan take ba, sai firji.

Har ila yau, ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai koriya mai ɗan ƙulu-ƙulu a jiki, sunanta Packham, wadda aka fara samarwa a Ostareliya a 1896. Ita ko ta nuna ba ta sauya launi sosai, shi ya sa take yaudarar mutane. Akwai Forelle, 'yar madaidaiciya mai jan kumatu da ɗigo-ɗigo. Akwai Williams, wadda Amurkawa ke kira Bartlett, ita takan koma ruwan ɗorawa in ta nuna, kuma tana saurin narkewa a wuta, don haka a gasa ta tun tana da ɗan ƙarfi. Akwai Bosc, mai dogon wuya da bawo ruwan ƙasa, wadda ta fi kowace riƙe jikinta a gashi. Sai kuma wata mai kama da tuffa, fara-fara, wadda akan sanya wa 'yar raga mai laushi. Wannan irin ta ƙasashen Sin da Koriya da Japan ce, ita ko ta nuna garas-garas take, kada ki ɓata lokaci kina jiran ta yi laushi.

To amma idan baƙo yau zai zo, ko marar lafiya yau yake son abin da zai ɗan taɓa, ga fiya kuma tauri, sai yaya? Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu a nan dutsen namu minti 40 kawai yake bukata. Zafi yana sassauta namanta, ruwan jikinta ya ragu, zaƙin ya tattaru wuri ɗaya, ƙamshin da ke ɓoye ya fito. Hasali ma wadda ba ta gama nuna ba ita ta fi dacewa da gashi, domin ba za ta faɗa ta zama fate ba.

Wannan dabara daga Turai muka aro ta, kuma tsohuwa ce a can. A cikin tsohon littafin girkin Rumawa akwai yadda ake dafa fiya da zuma da ƙwai. A Ingila ta dā akwai wata iri da suke kira wodin, wadda saboda taurinta ba a cinta ɗanya sam, sai dai a adana ta har cikin hunturu a riƙa gasawa. Su a wurinsu abincin lokacin sanyi ne, lokacin da ta yi yawa ta yi araha. Mu a wurinmu ba ta da araha, amma muna da hunturu, kuma a daren Disamba ko Janairu, in iska tana kaɗawa leɓe yana tsagewa, abu mai ɗumi ya fi lemo mai ƙanƙara karɓuwa. Ga kuma wani sauƙi: rabi ɗaya ya ishi mutum ɗaya. Fiya 2 ta fitar da ke kunyar baƙi 4.

Yanzu uwargida ki ɗauko biro da takarda, ga kayan haɗi. Wannan awon na mutum 8 ne, in gidanku bai kai haka ba sai ki raba biyu.

Fiyar Turawa guda 4, masu ɗan ƙarfi.
Zuma, babban cokali 2.
Man shanu soyayye ko bota, babban cokali 2.
Garin kirfa, rabin ƙaramin cokali.
Kanumfari, ƙwaya 4.
Ɗanyar citta, ɗan yanki kamar kan yatsa.
Lemon tsami guda 1.
Ruwa, rabin kofi.
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.

Shi ke nan. Kin ga in ban da fiyar, babu abin da ba ya cikin kicin ɗinki ko wajen mai kayan ƙamshi na bakin layi.

Da farko ki wanke fiyar da kyau, kin san ta sha hannu kafin ta iso gare ki. Kada ki fere ta. Bawon shi ke riƙe ta a wuta, kuma akwai amfani a cikinsa. Ki tsaga kowace gida biyu a tsaye, daga wuya zuwa gindi. Ki ɗauki ƙaramin cokali ki kwarfe tsakiyar inda 'ya'yan suke, sai ya bar ɗan rami, ki kuma zare ɗan zaren nan da ya tafi zuwa wuya. Nan da nan ki matsa lemon tsami ki shafe fuskar da kika yanka, in ba haka ba kafin ki juya ta yi duhu, kamar yadda tuffa da dankalin Turawa ke yi. Daga nan ki sami kwanon gashi, na ƙarfe ko na tangaran mai jure wuta, wanda zai ɗauke su duka ba tare da wata ta hau kan wata ba. Ki shafe shi da rabin man shanun. Ki zuba ruwan, ki jefa kanumfari da cittar da kika yayyanka siri-siri, da ɗan gishirin. Kada ki raina gishirin nan, shi ke fito da zaƙi.

In kina da obin, ki kunna shi tun kina wanke fiyar, ya yi zafi digiri 180, ko lamba 4 in na gas ne mai lambobi. Ki jera fiyar a kife, wato fuskar da aka yanka tana kallon ƙasa, ki sa a obin minti 20. Sai ki fito da kwanon, ki juya su rami yana kallon sama. Ki raba sauran man shanun a cikin ramukan, ki yaryaɗa zuma, ki barbaɗa kirfa, ki ɗebo ruwan da ke gindin kwanon da cokali ki ɗan zuba musu a kai. Ki mayar minti 15 zuwa 20. Dalilin da ya sa ba mu sa zuma tun farko ba shi ne tana saurin ƙonewa, kuma ƙonanniyar zuma ɗaci gare ta. Idan fiyar mai tauri ce sosai, ki rufe kwanon a zagayen farko, ki kuma ƙara mata kamar minti 10. In kin ga ruwan zai ƙafe, ki ƙara cokali 2 ko 3. Alamar ta yi ita ce ki soka tsinken tsire ko bakin wuƙa a inda ta fi kauri, ya shige ba gardama, gefenta ya yi ja-ja, ruwan gindin kwano ya yi ɗan kauri yana sheƙi.

Na ji wata tana cewa, "To mu da ba mu da obin fa?" Haba uwargida, da me kike gasa kek ɗin salla? Tukunyar yashi ta isa. Ki sami babbar tsohuwar tukunya mai murfi, ki zuba yashi mai tsabta busasshe a gindinta, kaurin yatsu 2. Ki rufe ki ɗora a wuta, ko gas ko risho ko gawayi, ta yi minti 10 zuwa 15 har ki ji zafi na bugun hannunki in kin ɗaga murfin. Ki sa 'yan duwatsu 3 ko wani tsohon murfi a kan yashin, sannan ki ɗora kwanon fiyar a kai, don kada gindinsa ya zauna kan yashi kai tsaye ya ƙone. Ki rufe ruf, wuta matsakaiciya. Sauran duk kamar na obin ne: a kife tukuna, sannan a juya a sa zuma. Sai dai ki rage yawan buɗe-buɗe, duk buɗewa ɗaya zafi ne ke gudu. In da gawayi kike yi, a minti 10 na ƙarshe ki ɗebi 'yan garwashi ki zuba a kan murfin, shi zai sa samanta ya yi ja. Wannan hanya takan ɗan fi obin daɗewa, don haka tsinkenki shi ne agogonki.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi. In kin sauke tuwon dare akwai sauran rushi a murhu, ki sa man shanu da kirfa da 'yar zuma a ramin kowane rabi, ki naɗe shi tsaf a takardar gashi mai ƙyalli ninki biyu, ki tura gefen rushin kamar yadda ake yi wa dankali. Kafin a gama cin abinci, wajen minti 25, ta yi. Amma don girman zumunci, duk abin da za a yi da gawayi a yi shi a tsakar gida ko a kicin mai taga a buɗe. Lokacin sanyi ne ake shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa, alhali gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Kada garin neman ɗumi a jawo abin kuka.

In kin sauke, ki bar ta ta huce kamar minti 10, domin ruwan zuma mai zafi yana ƙona baki fiye da yadda ake zato. Ki tsince kanumfari da cittar. Ki sa rabi ɗaya a ɗan ƙaramin faranti, ki ɗebo romon nan na gindin kwano ki zuba a kai. A haka ma ta isa. In kina son ƙarin armashi, ki sa cokali ɗaya na kindirmo mai sanyi ko yogot marar sukari a cikin ramin. Ɗumi ya haɗu da sanyi, zaƙi ya haɗu da tsami, sai wanda ya ɗanɗana. Kina iya barbaɗa dakakkiyar soyayyar gyaɗa, ko soyayyen riɗi, ko gurzajjiyar kwakwa. Wata kuma takan yayyanka dabino ta cusa a ramin kafin zagaye na biyu na gashi. In kin yi haka ki bar zumar, zaƙin dabinon ya wadatar.

Bari mu ɗan taɓa maganar sukari, domin tana daga cikin dalilan da suka sa na zaɓo wannan girki. Kayan zaƙinmu na gargajiya, su alkaki da nakiya da dubulan da tuwon madara, daɗi kam ba a magana, amma na biki ne da gara, sukari da mai sun yi musu yawa a ce kullum ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan ya kama wajen ƙaramin cokali 12, kuma hukumar ta ce in an rage zuwa 6 ya fi. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, kada a ce ai ita ba sukari ba ce. To mu ƙirga namu. Babban cokali 2 daidai yake da ƙaramin cokali 6. Raba shi ga mutum 8, kowa bai sami ko cokali ɗaya cikakke ba. Akwai lemon kwalba da sukarin cikinsa ya haura ƙaramin cokali 8, mu kuwa shi muke dire wa baƙo, mu ba yara su sha da abinci.

Wa wannan girki ya fi yi wa amfani? Na farko tsofaffinmu. Da yawansu sun bar cin kayan marmari, ba don ba sa so ba, sai don haƙori, kuma ba za su faɗa ba. Gasasshiyar fiya cokali ma yana yanka ta. Na biyu wanda ya tashi daga ciwo, bakinsa ba daɗi, ƙamshin citta da kirfa yakan ɗan buɗe masa sha'awar abinci. Na uku mai fama da taurin bayan gida. Fiya matsakaiciya guda ɗaya tana da fayiba wajen giram 5 zuwa 6, wato dusa-dusar nan da ke taimaka wa hanji, kuma kaso mai yawa yana cikin bawo, shi ya sa na ce kada a fere. Tana kuma da wani nau'in zaƙi mai suna sobitol da ke jawo ruwa cikin hanji. Saboda wannan dalilin dai, mai gudawa ya dakata tukuna. Gashi yakan rage mata sinadarin bitamin C, amma fayibar tana nan.

Sai gargaɗi guda uku, uwargida ki kasa kunne. Na ɗaya, jariri. Daga wata 6, lokacin da aka fara ba shi abinci tare da nono, ana iya ba shi gasasshiyar fiya, a cire bawon, a murje ta lilis. Amma nasa a gasa shi daban, ba zuma, ba sukari, ba gishiri. Ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗanya ko dafaffiya, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, wadda ke iya sanyaya masa jiki har numfashi ya gagara, kuma zafin girki ba ya kashe ta. Na biyu, mai ciwon sukari. Fiya tana da nata sukarin na halitta, don haka a yi masa ba zuma ba dabino, rabi ɗaya ya isa, kuma ya bi tsarin da likitansa ya ɗora shi a kai. Na uku, mai tari. A ƙasar Sin al'ada ce a turara fiya da sukari a ba mai tari, kuma gaskiya abu mai ɗumi yana sanyaya maƙogwaro. Amma tarin da ya kai mako 2 ya wuce maganin kicin, a je asibiti a yi gwajin tarin fuka.

Idan kuma aljihu bai kai ga fiyar Turawa ba, kada ki ce wannan shiri na masu hali ne. Dabarar ita ce abin riƙewa. Tuffa tana gasuwa daidai da wannan hanya, lokacinsu ma kusan ɗaya. Ayaba nunanniya, a tsaga ta a tsaye, a sa man shanu da kirfa, minti 15 ta yi, ita ko zuma ba ta bukata. Abarba a fere ta a yanka fala-fala, minti 20 zuwa 25, kuma wadda ta yi tsami ta gagari ci ma gashi yana gyara ta. In baƙi sun yi yawa fiyar ta yi kaɗan, ki yayyanka ta ki haɗa da ayaba da abarba a kwano ɗaya, sai dai ki ba fiyar minti 20 ita kaɗai kafin ki zuba sauran.

Abin da ya rage, in firjinki na samun wuta sosai, ki rufe shi a kwano, zai kai kwana 3, ki ɗumama in za a ci. In wutar unguwarku ba tabbas, ki yi daidai wanda za a cinye a ranar. Da safe kuma kina iya yayyanka ragowar a kan kunun gyaɗa, yara za su ba ki labari.

Kafin mu rufe, ga maimaici don wadda ta kamo mu a tsakiya. Fiyar Turawa muke nufi, mai kama da tuffa, ba mai maiƙo ba. A wuya ake duba nunarta. Mai ɗan ƙarfi ita ake gasawa. A tsaga biyu, a kwarfe tsakiya, a shafa lemon tsami. Minti 20 a kife, a juya, a sa man shanu da zuma da kirfa, a ƙara minti 15 zuwa 20. Ba obin, tukunyar yashi. Ba zuma ga ɗan ƙasa da shekara 1.

To 'yan'uwana mata, agogo ya ce mu tsaya nan. Ki gwada a ƙarshen makon nan, ki fara da guda 2 ki ga yadda wutarki take, ki kuma tuna da tsohuwar da ke gidan ko ta maƙwabta, a kai mata nata da ɗuminsa.